Ranar da Baba Ya Duba Haƙoran Kwamfuta

Awakina huɗu na sayar, kuma su ne kaɗai abin da na mallaka. Tun ina aji uku a sakandare nake yi musu yankan ciyawa. Da na gama makaranta na koyi kwamfuta wata shida a Kiru, na dawo Ba'awa da niyya ɗaya: in riƙa cike wa mata fom a tsakar gidanmu. Na gaji da ganin mace ta hau babur har Kiru don rajistar taki ko ta jarrabawar 'yarta, ta wuni a ƙofar shagon maza, sannan a ce ta dawo gobe. Amma na san in na sayi kwamfuta ta mutu, ba awaki, ba sana'a.

Yayana da ke aiki a Kano ya turo mini hoton wata siririya mai ruwan azurfa. Ya ce ita ce kwamfuta, sauran duk tarkace ne, kuma zai cika mini kuɗin. Kuɗinta ya ninka na sauran sau uku. Ni kuwa tun daga hoton na kamu.

Sai Baba ya ce da shi za a je. Na so in yi kuka. Baba bai taɓa danna kwamfuta ba, shanun huɗa ya sani. Duk wanda zai sayi sa a unguwarmu shi yake ja zuwa kara, kasuwar shanu.

A Kano Yaya ya kai mu shagon, aka ajiye mana biyu: ta azurfar, da wata baƙa ta hannu, mai kauri kamar faranti. Baba ya ɗaga kowacce ya jinjina, ya juya cikinta, ya leƙa ramukan gefe kamar mai duba haƙoran sa. Na ce masa a hankali mutane na kallonmu. Ya ce su kalla.

Daga nan ya ce shi ba ya sayen dabba sai an zaga da ita ya ga tafiyarta. A kunna su duka, a cire musu waya, mu je mu yi Azahar mu ci abinci. Mai shagon ya yi dariya, amma ya yarda.

Da muka dawo cajin baƙar ya ƙare, ta mutu murus. Ta azurfar ko rabi ba ta ci ba. Yaya ya dube ni yana murmushi.

"To, Hajiyar Ba'awa, garin da babu wuta, wacce za ki ɗauka? Wannan mai suma kafin La'asar?"

Gaskiyarsa ce, kuma na ji daɗi. Na fara miƙa hannu ke nan Baba ya tambayi mai shagon abin da yake tambayar kowane dillali.

"Malam, in ta kwanta ciwo a Ba'awa, wa zai duba ta?"

Mai shagon ya ce irin wannan ba ta cika lalacewa ba. Baba ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya batirinta a manne yake, ba kowane mai gyara ke buɗe ta ba, sai a kawo ta Kano, wani lokaci ma a jira kaya daga waje. Baƙar fa? Ya sa babban yatsa ya zare batirin nan take, ya ce ko mai gyaran waya na Kwanar Ɗangora ya san cikinta.

Baba ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, kuɗinki ne. Amma ni da sa ɗaya mai kyau wanda ba mai maganinsa a kusa, gara biyu masu dama-dama."

Haushi ya kama ni. Na ɗauki baƙar, da ƙarin batir biyu, da 'yar firinta. Har muka wuce Bebeji ina kumbure-kumbure a mota.

Yanzu kullum da safe ina aika batir biyu wurin mai caji, ina aiki da ɗaya. Da damina wata maƙwabciya ta zo cike fom, goyonta ya kifar da kofin kunu a kan madannan. Awakina huɗu na gani a cikin kunun nan. Washegari na kai ta Kwanar Ɗangora, kafin Azahar an sa mata wasu madannan, da yamma na ƙarasa wa matar fom ɗinta.

Yaya har yau in ya zo sai ya tambayi lafiyar jakina, sunan da ya laƙa wa baƙar ke nan. Ni ma ban goge hoton ta azurfar daga wayata ba, ba zan yi ƙarya ba, tana da kyau. Wata rana zan saye ta, in mai gyaranta ya matso kusa. A watan jiya dai na ɗaure akuya a turken da ya shekara ba komai, kuma tana da ciki.