Shekara Biyar da Faɗuwar Anti Ramatu a Bakin Teku

Shekara biyar ke nan da rasuwar Anti Ramatu, kuma a makon jiya wani ya sake turo mini bidiyon faɗuwarta a waya. Har ya haɗa da addu'a a ƙasa, wai Allah ya jiƙanta. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki, domin ni ce matar da ake gani a ƙarshe tana gudu da rigar ruwa a hannu.

Anti Ramatu 'yar Zangon Kumasi ce, a nan ƙasar waje, a unguwar Tompkinsville da ke tsibirin Staten Island take zaune, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ni kuma daga Kano na zo, ina aikin jinya. A shagon da muke sayen garin tuwo da busasshen kifi muka saba. Da likita ya gaya mata ciwon sukari ya kama ta, dole ta riƙa motsa jiki, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayi tsohon keke, ta koya wa kanta a hanyar katakon nan da ta bi bakin teku, alhali ta haura hamsin. Da ta iya, sai ta shiga jan mu ɗaya bayan ɗaya. Duk Asabar da safe muna can, hular kwano a kan hijabi, wando a ƙarƙashin doguwar riga, ita kuma tana bin mai koyo da gudu, riƙe da sirdi. Hausarta ta Zango ce, mace ma "kai" take ce mata.

"Binta, kar ka kalli ƙasa," take ce mini. "Ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Kalli gaba."

Mazan unguwa sun sha dariya. Mai shagon nan, wanda ba zan kama sunansa ba, shi ne kan gaba. Yakan ce Hajiya guda ta koma ɗan aike, kuma tana lalata matan mutane. Takan sayi kifinta ta rataya a ƙahon keke ta wuce.

Ranar da abin ya faru, an sanar cewa guguwa za ta taso da yamma, sai muka fita da sassafe don mu riga ta. Amma iskar ba ta jira yamma ba. Muna cikin horo teku ta yi baƙi, yashi ya fara dukan fuska, ruwa ya kece. Nan take ta tsayar da mu, ta ce kowa ta tura kekenta zuwa rumfar da ke bakin titi. Da ta duba, babu Hadiza, wata amarya da ta fara koyo a watan, wadda daɗin iyawa ya ja ta can gaba. Anti Ramatu ta hau keke ta bi ta. Ta same ta, ta sa ta sauka ta fake a jikin wani gini, ta juyo don ta sanar da mu. A hanyar dawowa iska ta ɗauke ta ta maka da ƙarfen shinge. Wuyanta ne ya bugu.

Kusa da inda ta faɗi akwai wata inuwa da wasu maza suka fake, har da namu, masu jin Hausa. Babu wanda ya taka ruwan. Ɗaya daga cikinsu ya ciro waya ya fara ɗauka. Tana kwance, iska ta yaye mata riga, ruwa na zuba a fuskarta, shi kuwa yana gyara tsayuwa don hoton ya fita da kyau. Wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ce ta kira motar asibiti. Ni na rufe ta da rigar ruwata, na riƙe kanta kada ya motsa. Washegari ta cika.

Kafin mu yi mata sutura, bidiyon ya gama zagaya wayoyin jama'armu daga Staten Island zuwa Bronx. Mai shagon ya tura shi guruf ɗin ƙungiyar jama'armu na waya da wa'azinsa, wai ga ƙarshen macen da ba ta jin magana. Daga nan ya tsallaka teku. Mahaifiyarta a Kumasi, tsohuwa mai larurar ido, a wayar maƙwabciya ta ga 'yarta kwance cikin ruwa, tun kafin mu samu ƙarfin halin kiranta. A wurin aiki na wanke raunuka iri-iri ban kau da kai ba, amma wannan bidiyon har yau ba na iya kallonsa.

Yanzu fa? Hawan jini da sukari sun bi gida-gida, likitoci sun yi magana, keke ya zama abin yayi. Ranar Lahadi za ka ga mazan nan a bakin tekun cikin matsattsun kaya masu walƙiya, suna tsayawa ɗaukar hoto fiye da yadda suke taka feda. Bana ƙungiya ta ce za ta shirya tseren tunawa da ita, a buga fuskarta a riguna. Mai shagon da kansa ya tare ni.

"Malama Binta, ki samo mana hotonta mai kyau. Ai ita ce ta buɗe mana ido."

Na ce masa, "Alhaji, ai kuna da hotonta. Kai ka raba wa duniya."

Ya ce abin da ya wuce ya wuce. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ba da hoto ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan. Na san halinta. Da ta bi kekunansu ɗaya-ɗaya tana matsa birki, ta gaya wa mai shagon sirdinsa ya yi ƙasa, gwiwarsa za ta yi ciwo. Ita ba ta riƙo. Ni ban kai ta ba, kuma ba zan yi ƙaryar na kai ba.

Hadiza ta shekara ba ta ko kallon keke. Tana ganin ita ce sanadi, duk da mun gaya mata kwana ne ya ƙare. Wata Asabar sai ga ta da tsohon keken Anti Ramatu, wanda 'yar marigayiyar ta ba ta. Yau ita ke koya wa mata. Ba ta fita sai ta duba hasashen yanayi, kuma idan gajimare ya haɗu ba ta barin kowa ta yi nisa. Cikin ɗalibanta akwai matar mai shagon, wadda ta zo da izininsa.

Wannan shi ne abin da Anti Ramatu ta bari, kuma ya ishe ta shaida. Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. Kai kuma mai karatu, idan bidiyon nan yana wayarka, kada ka turo mini da addu'a. Ka goge shi tukuna, sannan ka yi mata addu'ar. Mahaifiyarta tana da rai.