Wa Ke Shan Batirin Orval?

Orval Stroud bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Rabin rayuwarsa a kan sikelin wani rumbun manoma a Nebraska ya yi shi, yana awon masara, inda ya sha ganin mutum ya jiƙa hatsi don ya yi nauyi sannan ya gaishe shi da fara'a. Da ya yi ritaya sai ya sayar da gida, ya sayi tirela, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da a-kori-kura, ya ɗauko matarsa Nadine suka shiga duniya. Duk hunturu suna hamadar Arizona, can bayan Quartzsite, inda tsofaffi masu gudun sanyi ke yada zango ba wayar lantarki ba famfo.

Farantan solarsa a ƙasa suke, a jingine suna kallon kudu, ya ɗaure su da sarƙa da kwaɗo kamar akwai wanda ya ce yana so. Kullum da safe sai ya goge su da tsohuwar singileti, ya ɗaga katifa ya duba ruwan batirin da ke ƙarƙashin gado, ya ƙara idan ya ragu. Akwai wata 'yar mita a jikin bango kusa da ƙofa mai nuna ƙarfin batirin. Ita yake fara gaisarwa kafin ya gaida Nadine, ban rage ba ban ƙara ba.

Ita kuwa Nadine ciwon suga gare ta, allurarta sai a firji, firjin kuma batirin ne ke riƙe da shi. Ranar da aka sayar da gidan ta yi kuka har idonta ya kumbura, shi ne Orval ya yi mata rantsuwa: "Duk ranar da batirin nan ya kasa riƙe firjin, zan kai ki wurin 'yarki a Omaha mu zauna, ba sai kin roƙa ba." Ya rantse ne don ya tabbata ranar ba za ta zo ba. Tirelar nan ita ce ransa.

To, a hunturun da nake ba ku labari, sai batiri ya fara kwana da yunwa. Rana ta fito tar, sama ba ko ɗigon gajimare, amma la'asar na yi mita ta nuna rabi. Orval ya ƙara ruwa, ya kankare kan batir, ya bi waya tun daga faranti har ƙarƙashin gado. Komai lafiya lau. Ai kuwa sai ya ɗaga kai ya dubi maƙwabci.

A hamadar nan, duk wanda ya sauka yakan jera duwatsu ya kewaye tsakar gidansa, mai zuwa daga baya kuma ya yi nesa yadda ba za a ji tarinsa ba. Amma wani Dewey Kimbrough da matarsa Opal sun zo sun kafa tirelarsu dab da duwatsun Orval, har ƙanshin soyayyen ƙwansu na shigowa ta taga. Ga hamada fetal, an rasa wurin tsayawa sai nan?

"Faranti ɗaya tal gare shi, ɗan mitsitsi," in ji Orval, "amma talabijin ɗinsa ba ya hutawa. Ke a ganinki da me yake kunna shi, da addu'a?"

"Maigida, ci abincinka kafin ya huce," in ji Nadine.

"Waya ya binne, ni na sani. Ta ƙarƙashin yashi."

Ya ɗauko manjagara ya share yashin da ke kewaye da tirelar sumul, don ya ga sawun ɓarawo. Da gari ya waye babu sawun kowa sai na silifas ɗin Nadine. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, sai ma ya ce lallai mutumin gwani ne. Ya kafa kujera a gefen duwatsun, ya juya wa farantansa baya, ya sa madubin hangen nesa a ido, tun hantsi har rana ta karkata.

Dewey kan ɗago kofin kofinsa daga can. "Dattijo, ka ga wani abu? In gashin hancina kake ƙirgawa, bari in matso!"

"Zauna inda kake," in ji Orval. "Dariyarka ta yi yawa, mai gaskiya ba ya dariya haka."

Abin da ya ƙara tunzura shi, kullum sai Nadine ta ɗauki 'yar jakarta ta tafi wurin Opal, wai hira. Ya ce mata su ne ke jan ta da surutu don su san sirrin wayoyinsa. Ta dube shi kawai ta gyara hularta ta wuce.

Wata safiya ya tashi bai ji gurnanin firji ba. Mita ta kwanta ƙasa warwas. Ya buɗe firjin, sai ɗumi da warin madara. Gabansa ya faɗi, don duk jarabarsa yana son matar nan. Ya fizgo kwalin allura. Babu komai a ciki.

Haba! Ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Ya tsallake duwatsunsa, ya tsallake na Dewey, abin da ba a yi sai an yi sallama, ya daki ƙofa.

"Wutata ba ta ishe ka ba, har da maganin matata? Fito, ɓarawo!"

Opal ce ta buɗe, da cokali a hannu. Ta ja da baya ta buɗe firjinta. Ga kwalaben allurar a jere kusa da man shanu, da sanyinsu. Nadine kuma tana zaune a kujerar ciki, ta riga shi zuwa.

"Ni na kawo su," in ji ta. "Tun makon da suka sauka. Ni na roƙe su su tsaya kusa, don ƙafata ba ta kai ni nesa."

"Kin san batirin zai mutu ke nan?"

"Ni na kashe shi, Orval. Kai ka koya mini da bakinka cewa inuwa kamar tafin hannu a kan faranti ɗaya ta isa ta kwantar da dukansu. Kana zama da madubinka, ni kuma in shanya tawul ɗina a bayanka, a kan kusurwar farantin. Kafin ka juyo na ɗauke."

Dewey ya sa kofi a baki don ya ɓoye fuskarsa. Orval ya tsaya baki buɗe. Shi da ya zargi mai sayar da ruwa, ya zargi mai gas, ya zargi mutumin da bai ci masa ba bai sha masa ba, ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

"Wannan ha'inci ne, tsohuwa," ya ce. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa maka bara. Na faɗa maka bara waccan. Na ce jikokina suna girma ban san muryarsu ba, na ce na gaji da wanka da ruwan kwano. Duk lokacin da nake magana idonka na kan mitar nan. Sai na ce to bari ita ta faɗa maka, tunda ita kake ji."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki a kanta. Ya so ya ce rantsuwar ba ta hau ba, tunda da hannun mutum a ciki. Amma da ya dubi yadda take riƙe da jakarta a cinya da hannu biyu, tana jiran ya ce hakan, sai ya fasa.

Ya koma a hankali, ƙaya na sukar ƙafarsa. Ya buɗe kwaɗon, ya zare sarƙar, ya goge farantan da singiletin duk da ba su da datti. Sannan ya watsa duwatsun da ya jera, kamar yadda mai tashi ke yi. Dewey ya zo ya taya shi ɗaura tirelar a bayan mota, Orval kuma ya sake duba ɗaurin da kansa bayan ya gama, don hali ba ya tafiya rana ɗaya.

Opal ta miƙo allurar cikin akwatin ƙanƙara. Nadine ta hau gaban mota ta rungume akwatin. Orval ya shiga tirelar don ya kulle taga, ya tsaya gaban 'yar mitar. Tun safe ba wanda ya shanya tawul, har ta fara hawa abinta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kashe ta ya fito.

"Su yaran nan," ya ce yana tada mota, "me kika ce sunan ƙaramar?"