Baffa Dauda Mai Gangaren Goriba

Kullum da hantsi Baffa Dauda masassaƙi yakan jingina gatarinsa a inuwar tsamiyar da ke bakin kogin Binuwai, nan Garwa, ya ɗauko tsagin gorar da ya lanƙwasa ta yi tudu da kwari. Yara su kewaye shi. Sai ya ɗora ƙwallon goriba a can sama ya sake. Goriba ta gangaro, ta haye ƙaramin tudu, ta sake faɗawa.

"A ina ta fi gudu?"

"A ƙasa, Baffa!"

"To wa zai tare ta a can?"

"Babu!"

Manya suna wucewa suna dariya, wai tsufa ya mai da shi yaro. Sun san dalili sarai, mantawa ce ta fi musu sauƙi.

Tun da Jamusawa suka kafa sito a kan gaɓa, ake tilasta wa 'ya'yanmu mirgina gangunan man kaɗanya zuwa jirgi. 'Yan dako sun ɗauka ganga kamar jaki ce, in ta kuɓuce ta yi ta gudu za ta gaji, sai a jira ta a ƙasa a tare. Haka ran da igiyar da ake riƙe ganga da ita ta tsinke, Adamu, ɗan Baffa tilo, ya tsaya ya ware hannu. A tabarma aka kai gawarsa gida. Manyan ba su ji bayanin Baffa ba, shi ya sa ya koma kan ƙanana.

Daminar bana igiya ta sake tsinkewa. Mutum uku suka ruga ƙasa za su tare. Yaya, wani ɗan dako da ya girma a gindin tsamiyar nan, ya kwarara ihu: "Ku kauce gefe! A ƙasa ta fi ƙarfi!" Suka kauce, ganga ta faɗa kogi. Baturen sito ya tambayi wanda ya koya musu barin kaya. Aka nuna Baffa. A gaban jama'a aka zane dattijon da bulala, aka ƙone gorarsa, mu kuma muna tsaye kamar an dasa mu. Har yau abin yana ci mini rai.

Baffa, kai ne malamin da babu wanda ya taɓa kira malam. Masassaƙin Binuwai, mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma masu dariya, in ba za ku iya abin da ya yi ba, ku bar yaranku su zauna gabansa.

Da na je duba shi, yana kwance rubda ciki, matarsa Hindu tana shafa masa magani. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ɗana, haƙurin me? Su ukun nan duk sun ci tuwo a gidan iyayensu, ko ba su ci ba?"