Idon da matata ke runtsewa

Shekarun baya, tun kafin babbar yunwar nan, ina noman albasa a wata fadama kusa da Madawa. Matata ta haifi ɗanmu na fari. Bayan suna ta kwanta kwana uku da ciwon kai da jiri. Aka ba ta rubutu, aka yi mata hayaƙi, ta tashi, muka ce an wuce wurin.

Sai dai ta tashi da wani sabon hali. In za ta miƙa wa mutum ruwa, sai ta karkata kai ta runtse ido ɗaya. In tana zuba hura, rabi a ƙwarya, rabi a ƙasa. Na ce sakarci ne.

Akwai abokina da muke ban ruwa tare, kullum a gidana yake shan hurar rana. Wata rana mahaifiyata ta ja ni gefe, ta ce ta ga surukarta tana kashe masa ido. Washegari na zauna ina lura, na kuwa gani. Ni da nake ji da wayona, har na yaba wa kaina da na kama su. A ƙofar gida na sake ta, maƙwabta suna ji. Ta goya ɗanta ta koma gidan ubanta, wajen Allakaye. Abokina kuma na daina amsa sallamarsa.

Bayan wata biyar yayanta ya tare ni a kasuwa. Ya ce sun kai ta asibitin mishan. Lokotoro, wato likita, ya yi ta kaɗa yatsa a gabanta, ido ɗaya ya bi, ɗayan ya tsaya a rabin hanya. Ya ce wata 'yar jijiya ce ta toshe a gindin ƙwaƙwalwa, can saman wuya, wurin da ke juya idanu. Komai biyu take gani. Sai ta rufe ido ɗaya take sanin inda hannun mutum yake.

Na sayi goro na tafi biko. Idda ta riga ta cika, ubanta ya ce sai abin da ta ce. Daga cikin ɗaki ta amsa mini, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ka ji ta bakin Inna, ka ji ta bakin maƙwabta. Ni kaɗai ce ba ka tambaya ba."

Na dawo da gorona. Damina biyu bayan nan ciwon ya sake bugun ta, ba ta tashi ba.

Abokina ya yafe mini kafin ya rasu. Ita ban samu wannan ba. Ɗana a can gidan kakansa ya girma. Duk sallah yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa tsohon maƙwabci. Bai taɓa kwana a gidana ba, ni kuma ban taɓa jin ina da bakin cewa ya kwana ba.