Mai Binne Ɓaure

A lambun bayan cocin Italiyawa a birnin Pittsburgh na Amurka, wani tsoho yana haƙa rami dogo kamar kabari. Wata mata, Assunta, tana jiran bas a gefen lambun. Ba ta san shi ba, amma idonta ba ya barin abu ya wuce. Kwat ɗin jikinsa na zuwa coci ne, takalmin na gona. Ta ce a ranta, wannan babu mace a gidansa.

Itacen ɓaure ne ya naɗe da tsohon bargo. Yana kwantar da shi cikin ramin a hankali, kamar mai jinya, don ya yi barcinsa har ƙanƙara ta wuce, kada sanyi ya kashe shi.

"Kai tsoho, wa ya mutu?"

"Ba kowa, baiwar Allah. Fadan cocin ne ya ce in ɓauren nan bai yi 'ya'ya bana ba, a sare shi."

"To, ya yi?"

"Ko ɗaya. Sai na tuna masa mai lambun nan na Linjila, da ya roƙa wa ɓaure ƙarin shekara guda."

"Ya yarda?"

"Shi ya karanta mana da bakinsa ranar Lahadi. Ina zai kai fuskarsa?"

Bas ta zo, ta wuce. Assunta ta ajiye jakarta, ta kama bakin bargon.

"Ja nan, malam, duk gefen nan a buɗe yake. Haka ka lulluɓe 'ya'yanka?"