Mai Gogen da Ke Karkata Hagu

A bakin tashar mota akwai wani tsoho mai goge, da hula wadda wanki ya cinye launinta. Bencinsa ya isa mutum biyu, amma ya takure a gefen dama, ya bar hagu fayau. Yana kiɗa a karkace, kafaɗa ta sauka, kunne ya miƙe wajen da babu kowa. Wannan zaman ya sa ƙwaryar gogen ta nutse cikin haƙarƙarinsa, hannun da ke goga tsirkiya kuma ba ya sakewa. Sautin yana fita a shaƙe, kamar mai kuka cikin bargo.

Mai shayin da ke kusa ya ɗaga murya. "Baba, miƙe bayanka mana! Kana maƙure abin nan kamar kun yi faɗa."

Tsohon ya yi dariya, ya zauna sosai. Nan take gogen ya buɗe murya tar, har direbobi suka waiwayo. Sai ya tsaya cak.

"Ka ji daɗinsa ko?" in ji mai shayi.

"Na ji, ɗana. Amma ita ban ji ta ba."

Ina zaton wata ce ta yi shekaru tana waƙa a hagunsa, shi kuwa yana sauraron numfashinta don ya san inda zai shiga.

Ya sake karkatawa, sautin ya koma shaƙewa. Wata matafiya ta zo za ta zauna a gurbin, ya ɗora tafinsa a kan bencin.

"Yi haƙuri, 'yata. Da mutum."