Kaka Mai Yawan Gaisuwa

A ma'aikatar hasashen yanayi akwai wani mutum da kowa ke kira Jika. Furfura ta riga ta cinye masa kai, amma laƙabin ya zauna daram, domin tun yana saurayi shi ne ya raɗa wa babbar kwamfutar ma'aikatar suna Kaka. Tana zaune a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, ita ke tara bayanan iska da zafi da ruwan sama. Aikin Jika shi ne ya jawo bayanan kowace rana zuwa ƙaramar kwamfutar da ke kan teburinsa, ya zana taswirar da manoma da matuƙa jirgi za su dogara da ita. Bayanan kuwa ba sa gama sauka sai rana ta kusa faɗuwa.

Shekara da shekaru bai taɓa kai kuka ba. Hujjarsa ita ce, ba a sa tsohuwa gudu. Haƙuri hali ne na gari, babu mai musu. Amma haƙurin da bai taɓa tambayar dalili ba, sau da yawa sakaci ne ya ɗaura rawani.

Ana nan sai matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce idan ba a riƙa kai ta asibiti gashin jiki a kai a kai ba, hannun dama zai sandare har abada. Sashen gashin yana rufewa da la'asar, ita kuwa ba ta iya sauka daga bene sai Jika ya tallabe ta. Ranar da ya sake tarar da ƙofar sashen a kulle, ya ajiye girman kai ya nufi ofishin injiniyar ma'aikatar, wata mace mai ƙarancin magana.

"Hajiya, ki taimaka. Tsohuwar nan za ta kashe min aure."

Ta bi shi teburinsa, ta jima tana duban allon, sannan ta yi dariya.

"Malam, ba tsufa ke damun kakarka ba. Gaisuwa ce. Tana miƙo bayanan ne a gutsure, kuma kowane gutsure sai ta tsaya ta tambaya, ya iso lafiya? Sai taka kwamfutar ta amsa, lafiya lau, kafin ta miƙo wani. Tun zamanin tsohuwar waya aka tsara haka, an canja waya an manta da tsarin."

"Wato duk tsawon rayuwata ina kwana da ina gajiya nake gadi?"

"Har da yaya yara."

Ba ta soke gaisuwar ba, domin da ita ake gane kayan da suka salwanta a hanya. Abin da ta yi shi ne ta sa Kaka ta matse bayanan, ta ɗaure su manyan ƙunshi, a gaisa bayan kowane ƙunshi. Washegari Jika ya danna maɓalli ya tashi haɗa shayi; kafin ruwan ya tafasa komai ya sauka. Ya koma ofishin Hajiya, ya rasa ta inda zai fara godiya, sai addu'a ya yi ta jero mata har ta kore shi.

Da ya shiga gida rana na tsaka, matar ta dube shi a tsorace, ta ce da harshenta mai nauyi, "Maigida, korar ka aka yi?"

"Tashi dai, uwargida. Yau mu za mu jira likita."

A asibiti aka sa mata ƙwallon roba a tafin hannu. Ta cije leɓe, ta yi ta fama, har yatsun suka ɗan lanƙwashe a kansa. Jika ya juya ya fuskanci taga, don kada ta ga idonsa ta yi masa tsiya.